Tambaya da Amsa: An kafa borni a filin tsohon cocin kartiyenmu, kushewu fa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Daga nan Zinder nake rubuto maka. A kartiyenmu akwai wani tsohon coci ginin ƙasa, bayansa akwai 'yar makabarta. Marigayi babana ne ya yi gadin wurin shekara da shekaru duk da mu musulmi ne, ina yaro ni nake share ganyen dogon yaro daga kan kushewun yana bani dala biyar in sayi ƙosai. Yanzu masu zuwa cocin sun ragu, rufin ma yoyo yake, kawai satin da ya wuce muka ga wasu sun zo da mita suna awo har sun kafa borni (alamar iyakar fili), wai wani mai kuɗi ne zai zuba butik-butik da magaza. Na tada maganar a fadarmu wajen shayi abokai suka ce mi ya dame ni da kushewar kirista. Wlh abin ya tsaya min a rai. Akwai abin da talaka irina zai iya yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Baba. Toh da farko kwantar da hankalinka, kafa borni ba shi ne an sayar ba, sau da yawa mai so ne ke awo tun kafin mai abu ya amsa. Abin da za ka fara bincika shi ne takarda a hannun wa take, titir fonsiye ne (takardar mallakar fili mai rajistar gwamnati) ko kuwa takardar mallaka ce ta meri (ofishin magajin gari), kuma da sunan wa. In cocin na Katolika ne to Zinder tana ƙarƙashin bishop na Maradi, ba wanda zai sa hannu a nan shi kaɗai ya ce ya sayar. In na ɗaya ɓangaren ne, wato Furotesta, su ma suna da shugabanninsu, kuma sun daɗe a garin nan, tun 1924 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Zinder. Je ka samu dattijan cocin ka tambaye su baki da baki, kar ka sha mamaki in ka tarar su ma a bakin mutane suka ji labarin.

Amma ni abin da ya fi damuna ba ginin ba ne, gini ko ya faɗi magina na nan, kushewa ce in katafila ta bi ta kai shikenan. Kuma mutane na ɗauka duk wanda ke kwance a irin wannan wuri Bature ne, alhali Zinder ce babban birnin Nijar har 1926 da aka maida shi Yamai, kuma zamanin Faransawa akawu da malaman lakwal da yawa daga Dahomey (Benin ta yau) da Togo suke zuwa aiki ƙasar nan, wasu nan suka yi aure suka haihu suka mutu, jikokinsu na nan cikinmu suna jin Hausa kamar ni da kai. Don haka ɗauki wayarka tun yau ka bi kushewun ɗaya bayan ɗaya ka ɗau hoto, ka rubuta suna da shekarar da ke jikin kowane gicciye a kaye, wanda ya goge ka shafa masa ruwa kaɗan rubutun kan fito. In ka samu iyali ko biyu ne da za su ce ga kakanmu nan, maganarsu a gaban magajin gari ta fi taka nauyi nesa ba kusa ba.

Doka kuma akwai ta, lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 mai kare kayan tarihi, ana iya rubuta wasiƙa zuwa ofishin al'adu na jiha a nemi a sa wurin cikin lissafi. Sai dai ba zan ruɗe ka ba, tafiyar hawainiya ce, tsohuwar unguwar Birni da fadar Sultan ma tun 2006 suke jerin jira na wuraren tarihin duniya na UNESCO, Agadez ta samu shiga a 2013 mu har yanzu muna layi. Shi kuwa siminti ba ya jira, ka dai ga yadda gari ya sake fuska cikin 'yan watanni lokacin Zinder Sabuwa, shirin gyaran gari na bikin 18 ga Disamba, a 2018.

Su abokanka na fada, ka tuna musu an wuce da gawar Bayahude ta gaban Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, da aka ce Bayahude ne fa ya nuna cewa ai shi ma rai ne. Ka tsaya nan, kar ka ja musu. Kuma don Allah kar ka kai maganar nan Facebook ko gurup na WhatsApp da zafi, duk wanda ke garin nan ranar 16 ga Janairu 2015 ya ga coci-coci na cin wuta, ba mu son abin da zai sake tada wannan ƙura. Bi ta hannun mai unguwa, shi ya san yadda zai kai ta fadar Mai Martaba.

In ni ne a zaman, ba zan ce kar a gina komai ba, mutanen cocin ba su da kuɗin gyaran rufi kuma wurin da ba a kula da shi ƙarshensa juji. Sai in ce a ja layin butik a gefen titi kawai, haya ba sayarwa ba, kuɗin hayar a gyara rufi a zagaye kushewun da katanga mai ƙofa, a rubuta haka a takarda kowa ya sa hannu gaban shaidu. Hotunan dai ka yi su kafin damina ta sauka, kuma in akwai tsohon da suka yi zamani da Baba a wurin ka tafi da shi, wasu kushewun ba su da alama sai wanda ya san inda suke.