Daga ina sunayen Yuni, Yuli da Agusta suka fito?

Mai tambaya, duka ukun daga Rumawa ne. Yuni dai galibin masana suna danganta shi da Juno, gunkiyarsu ta aure.

Yuli da Agusta ne masu labari. A da, shekarar Rumawa daga Maris take farawa, shi ya sa ake kiransu Quintilis da Sextilis, wato na biyar da na shida. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka mayar da Quintilis sunan Julius Kaisar, don a cikinsa aka haife shi. Sextilis kuwa ya koma sunan Sarki Augustus a shekara ta 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don a wannan watan ne ya taɓa cin Masar da yaƙi.

Kada ka yarda da zancen cewa Augustus ya ƙwato kwana ɗaya daga Fabrairu ya ƙara wa Agusta. Tun gyaran da Julius Kaisar ya yi wa kalanda watan Agusta ke da kwana 31.