Amsa ga mai tambayar asalin kalmar dandruff

Malam, da na ga tambayarka kan inda Turawa suka samo kalmar dandruff, wato amosanin kai, sai na ce ga abokin wahala. Duk wanda ya bi diddiginta ya san inda take cijewa.

An fara ganinta a rubuce a Ingila wajajen 1545, ana rubuta ta dandruffe, wasu kuma dandriff. Gaɓa biyu ce. Ta ƙarshen, masana sun fi danganta ta da hurf ko huff na bakin mutanen karkarar Ingila, mai nufin ɓawon gyambo, 'yar'uwar hrufa ta tsohon yaren Sikandinabiya. Ta farkon, dand, ita ce ta gagari masu ƙamus har yau.

To a nan raina yake ɓaci. Sai mutum ya ga gurbi ya cike shi da son ransa, ya kuma faɗa da ƙarfin hali kamar a gabansa aka raɗa sunan. Wasu tsofaffin ƙamus sun yi hasashen daga yaren Wales ta fito, ton fata, drwg mummuna. Hasashe ne fa! Amma masu kwafe-kwafe suka cire "wataƙila" suka yi ta yaɗawa, ɗalibi ya ɗauka ya kai wa malaminsa, a ƙarshe shi ke jin kunya, su ko a jikinsu. Don Allah kada ka sa wannan a aikinka ba tare da ka ce zato ne ba.

Kafin ta, scurf Ingilishi suke cewa, kuma tana nan. Likitocin da kuwa da dusa suka kwatanta abin: furfur a Latin dusa ce, pityron na Girkanci ma dusa, daga nan aka sami pityriasis, sunan da likitoci ke kiran ciwon fata mai ɓawo kamar dusa. Wallahi sun iya kwatance, dubi kafaɗar mai baƙar riga. A 1874 wani Bafaranshe, Louis-Charles Malassez, ya bayyana ƙwayar yis ɗin da ke cikin ɓawon, shi ya sa ake kiranta Malassezia.

Tunda na san ba banza ta sa ka tambaya ba: ƙwayar nan maiƙo take ci, don haka lafta man zaitun ƙara mata abinci ne, ɓawon ya kwanta kwana biyu ya dawo. Nemi sabulun ruwa na wanke kai mai ketoconazole kashi 2 cikin 100, sau biyu a mako, mako biyu zuwa huɗu. Fatar kai za ka cuɗa, ba gashi ba, ka bar kumfar minti uku zuwa biyar kafin ka ɗauraye. Yawanci a nan ake kuskure, a wanke nan take a ce magani bai yi ba. In ya lafa, sau ɗaya a mako ko mako biyu.

In kuwa yaro ne, gashin yana zubewa a zagaye kamar kwabo, makero ne, ba amosani ba. Wannan sai maganin sha, a kai shi asibiti, a ware masa matajinsa da hularsa.