Na gyara fayil ɗin da xjc ya fitar, gyaran ya ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da manhajar fatura a wani shago a Jidda. Da xjc, manhajar da ke mayar da skimar XML (wato ƙa'idar tsarin takarda) zuwa kod, na fitar da kod ɗin Java daga skimar UBL 2.1, tsarin rubuta fatura da sauran takardun ciniki a XML. Maigida ya ce a sa lambar reshe a kowace fatura, sai na buɗe fayil ɗin da xjc ya fitar na ƙara da hannu. Jiya abokin aikina ya sake kunna xjc, gyarana duk ya bi ruwa. Ga azumi ya ƙarato, ciniki zai yi yawa, wallahi ko barci ban yi ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, abin yana da gyara. Amma kada ka ɗora wa abokin aikinka laifi.

Koma saman fayil ɗin. Akwai 'yan layuka da xjc ke rubutawa da kansa, yana gargaɗin cewa duk abin da aka canja a ciki zai ɓace idan aka sake sarrafa skimar. Ba wanda ke karanta su! Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan, kuma yawanci wani "gwani" ne ya koya wa yaro, irin waɗanda ke haɗa wa shago manhaja cikin kwana uku su karɓi riyalinsu su kashe waya. Akwai wanda ya ce mini maganinsa shi ne ya hana kowa sake kunna xjc har abada. To ranar da aka sabunta skimar fa? Ko ranar da za a tashi daga javax.xml.bind a koma jakarta.xml.bind, wato sabon sunan laburaren da kod ɗin ke dogara da shi? Na taɓa buɗe wani kod na tarar da gyaran hannu a wuri goma sha, mai shi ya bar ƙasar, ba wanda ya san dalilin ko ɗaya. Kod ɗin inuwar skima ne. Ina ka taɓa ganin an miƙe inuwa alhali sandar a karkace take?

Ga abin yi. Fara duba ko UBL na da gurbin da zai ɗauki lambar, domin skimar na da faɗi ƙwarai. In babu, akwai UBLExtensions, wanda cikinsa xs:any ne, ƙofar da aka bari a buɗe da gangan don ƙarin bayanan da skimar ba ta tanada ba. Rubuta ƙaramar skimarka da namespace naka (sunan da ke bambanta skimarka da ta UBL), ka fitar da kod ɗinta daban, sannan ka sanar da JAXBContext, wanda ke haɗa XML da kilas-kilas (class) na Java. Idan ka manta da wannan, abin zai dawo maka a matsayin Element na DOM kawai, wato ɗanyen guntun XML, ka yi ta neman kilas ɗinka ba ka gani ba. Canjin suna ko nau'i kuwa, a fayil ɗin .xjb ake yin sa, wato fayil ɗin umarni da xjc ke bi wajen fitar da kod.

Sai dai ka kula. Tun da mataki na biyu na tsarin faturar lantarki na ZATCA, hukumar zakka, haraji da kwastan ta Saudiyya, ya fara a Janairun 2023, sa hannun dijital a cikin UBLExtensions yake zama, kuma ana cire wannan sashe kafin a lissafa hash na fatura, wato lambar da ke tona ko an taɓa abin da ke cikinta. Ke nan lissafin bai rufe abin da ka ajiye a can ba. Faturar da aka riga aka sa wa hannu kuma, kada ka karanto ta cikin Java ka sake rubuta ta, ko tazara ɗaya ta motsa hash ya canja. Ka gwada a filin gwajin hukumar kafin ka kai wa maigida.