Da na ɗaga waya zan ɗauki hoto, sai kowa ya sandare

Tambaya: Malam, ina sha'awar ɗaukar hotunan 'yan gidanmu suna cikin harkokinsu. Amma da na ɗaga waya sai kowa ya gyara zama ya ƙaƙaro murmushi, hoton ya fito kamar na fasfo. In kuma na ɗauka a sace, sai ya fito dishi-dishi. Ina mafita?

Amsa: Malama, wayarki lafiyarta ƙalau. Duk wanda ya ga an saita shi da kyamara sai ya tuna da fuskarsa, ya fara tunanin yadda zai fito. Maganin abin shi ne sabo. Ki faɗa musu tun farko cewa za ki riƙa ɗauka, ki bar su su yi tsayuwar da ransu ke so, ki ɗauka musu biyu ko uku. Daga nan ki nemi wuri ki zauna, wayar na hannunki, ki shiga hira. Ba a jimawa za su gaji da lura da ke.

Hoton da kike nema yakan zo ne daidai lokacin da suka ɗauka an gama: kafaɗu sun sauka, wani ya juya yana tsokanar na kusa da shi. To, kada ki sauke waya a lokacin. Hannu kuma in yana da aikin yi, fuska kan manta da kanta. Dubi kaka tana fama da zare da allura, ta ƙanƙance ido ɗaya, ta ɗaga allurar saitin taga. Ko za ki kwana kina cewa "yi kamar kina ɗinki", ba za ki samu wannan fuskar ba.

Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ya yi suna a wannan fanni kuma ya rasu a 2004, 'yar ƙaramar kyamarar Leica yake yawo da ita, har yakan rufe wuraren da ke ƙyalli a jikinta da baƙin salatif don kada ta ja ido. Abin da na fi so ki koya daga gare shi shi ne jira. Ki zaɓi wuri mai haske wanda babu tarkace a bayansa, ki tsaya, har mutum ya shigo ciki da kansa. Bin mutane ɗaki-ɗaki da waya takura ce kawai.

Shi kuwa dishi-dishi, ƙarancin haske ke kawo shi. In wuri ya yi duhu, kyamara kan daɗe da ido a buɗe, wataƙila 1/30 na daƙiƙa, sai ta kwaso motsin gaba ɗaya. Mai tafiya yana buƙatar wajen 1/250, yara masu guje-guje 1/500. In kyamarar wayarki na da saitin Pro, wato inda ake gyara saiti da hannu, ki saita wannan saurin da kanki. In babu, ki matsa kusa da taga ko ƙofa, hasken ya faɗo wa fuska ta gefe. Filasha kuwa ki kashe ta, haskawa ɗaya ta isa ta watsa hirar. Yawancin wayoyi suna ɗauka da maɓallin ƙara sauti, suna kuma iya ɗauka a jere, sai ki zaɓi guda daga baya. Kada ki kai wayar dab da fuska, hanci zai fito ƙato. Ki ja baya ki danna 2x, mai jawo hoto kusa ninki biyu, in akwai.

In baƙi ne a titi, dokar ɗaukar hoto ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ni dai nakan yi sallama, in nuna wa mutum abin da na ɗauka, in ya ce bai so sai in goge a gabansa. Yaro kuwa, sai da izinin iyayensa, musamman in za a sa hoton a intanet.