Amsa: Zuwa lambun Aburi da ɗalibai, a ɗauki jagora ko a'a?

Malama, kin tambaya ko ki ɗauki mai zagayawa da baƙi idan kin kai 'yan ajinki lambun itatuwa na Aburi a Ghana, ko ku zaga da kanku. Ki ɗauka, kuma ki daidaita kuɗi da shi tun a bakin ƙofa kafin ku shiga. Tun 1890 aka buɗe lambun, kuma allunan da ke jikin bishiyoyi galibi sunan kimiyya ne kawai, yaro zai karanta ya wuce bai ƙaru da komai ba. Shi jagora zai murza musu ganyen kirfa su sansana, ya nuna musu yadda ƙwallon koko ke fitowa a jikin gangar bishiya, ya kai su ga bishiyar nan da ta shaƙe wata har ta kashe ta, cikinta ya zama rami. Wannan ne yara ba sa mantawa.

Sharaɗin dai kada su wuce 15 ga jagora ɗaya, don na baya ba sa jin bayani, sai su watse su shiga wasa. Ku je ranar aiki, ku isa da hantsi. Ƙarshen mako da ranakun hutu masu shaƙatawa na cika wurin da hayaniya. Garin kan tudu yake, ya fi Akara, babban birnin Ghana, sanyi, kuma a damina ciyawa na santsi, saboda haka kowa ya sa takalmi sau-ciki, ban da silifa. Ki hana su tsinkar ganye ko kai wani abu baki sai wanda jagora ya miƙa musu.