Amsa: Fitar da sabon irin furen azaliya a Zariya

Malam, ka tambaya ko za ka iya barbarar azaliya (wata ƙaramar itaciya ce mai furen ado) kala biyu, irin wadda ba ta zubar da ganye, ka samu sabon iri a nan Zariya. Barbarar ba ita ce wahalar ba. Ka ɗebi garin furen ɗaya da tsinke, ka shafa a kan tsakiyar furen ɗayar, ka rufe da leda. Amma daga shuka irin da furen ya bayar zuwa fitowar fure sai ka jira shekara 2 zuwa 4, kuma 'ya'yan ba za su fito iri ɗaya ba. Wadda ta burge ka, reshenta za ka yanka ka dasa.

Raya ta ne aiki. Asalinta gabashin Asiya ne, musamman Japan, kuma zafin Maris da Afrilu na nan yana ƙona ta, hunturu kuma ya busar da ita. A tukunya za ka sa ta, a inuwa. Tana son ƙasa mai tsami, ma'aunin pH 4.5 zuwa 6, don haka kada toka ta kusance ta, domin toka tana rage tsamin ƙasa. Tara ruwan sama tun damina, ya fi na rijiya.

Kuma ka nisanta ta da awaki, ganyenta guba ne.