Soda ta huda mini tukunya, wace zan saya?

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ni mai yin sabulu ce a unguwar Birni, Damagaram. Ran nan na jiƙa soda a tukunyar dalma, sai ta kama tafasa ba wuta, cikinta ya yi baƙi, yanzu gindin yana yoyo. Jabu aka sayar mini? Wace zan saya?

Amsa: Ƴar'uwa, sannu, Allah Ya kiyaye gaba. Mai tukunya bai cuce ki ba. Abin da muke kira tukunyar dalma alminiyom ne, shi kuwa da soda ba sa ga maciji. Akwai wata fata siririya da ke kare ƙarfen, soda ta narkar da ita, sannan ta shiga cin ƙarfen kansa. Kumfar da kika gani iskar haidurojin ce mai kama wuta. Da murhu na kusa, da abin ya fi haka muni.

Ki shiga kasuwar Dole ki nemi bokitin roba mai kauri. Ki juya gindinsa, za ki ga lamba cikin wata alama mai kusurwa uku: 2 ko 5 kike nema. Lamba 1, irin ta gorar ruwa da ta lemo, soda na lalata ta. In da hali, ki sayi inox, wato ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa. Kullum soda ake zubawa cikin ruwa, kaɗan kaɗan, ba a kwara ruwa a kan soda, don tana iya tartsatsi har ido. Ki sa safar hannu da tabarau, ki yi aikin a tsakar gida. In ta taɓa fata, a yi ta zuba ruwa har minti 20.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ajiya. Na taɓa ganin yaro ɗan shekara 3 da ya kurɓi ruwan soda daga gorar lemo, leɓensa ya yi fari ya kumbura, ko miyau ba ya iya haɗiyewa. Don Allah kada a zuba ta a abin sha. In tsautsayi ya faru, kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa nono ko mai, a ruga da shi asibiti.

Tambaya: Zan aurar da ɗiyata bayan salla. Tukwanen maƙera zan haɗa mata ko na kanti marasa kamu?

Amsa: Hajiya, Allah Ya sanya alheri. Na maƙera suna da ƙarko, amma daga tarkace ake narka su, har da kayan injin mota. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya gano irinsu na sakin gubar dalma ta ainihi (ba alminiyom ba) cikin abinci, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Tsami ne ke ƙara jawo ta: tsamiya, yakuwa, tumatir. Kanwa ma tana cin alminiyom, shi ya sa tukunyar wake ke duhu.

Da ni ce, sai in saya mata inox biyu don miya da kunu, in haɗa da tukunyar ƙasa ta Mirriya, garin da ke kusa da Damagaram. Ta maƙera a bar ta ga ruwan wanka. Marar kamu ba ta jure garwashi, rufinta na fara lalacewa in zafi ya wuce digiri 260. Ki gaya wa amarya kada ta jiƙa inox cikin ruwan jabel, wato bilic na wanki, yana yi masa ƙananan ramuka.